Kafin a Zagi Kamfanin Intanet, a Duba Cikin Gida



Akwai wata rigima da ta zama ruwan dare a gidajenmu nan Legas, daga Agege har Idi-Araba. Rauta ɗaya ce a gida, kuɗi ɗaya ake biya duk wata, amma kwamfutar maigida tana gudu, ta yara kuwa sai rarrafe. Daga nan sai zargi. Wannan ya ce ƙaninsa ne ke shanye data da kallon fim, wancan ya ce kamfanin ne macuci, a canja layi.

Ni dai a ganina, in har wata na gudu wata na jan ƙafa a gida ɗaya, to matsalar tana cikin gidan. Ruwa ya iso famfo, wajen rabo ne aka samu tangarɗa.

Ga gwaji mai sauƙi. A kawo kwamfutocin biyu kusa da rauta, a cire sauran wayoyi daga kanta, a auna su ɗaya bayan ɗaya da Speedtest. In gudunsu ya zo daidai, nisa ne ko bango. Rautocin yanzu galibi zango biyu gare su. Na 5 GHz ya fi sauri amma bangon bulo yana kashe masa ƙarfi. Na 2.4 GHz yana kaiwa nesa, sai dai a gidajen haya irin namu kowane maƙwabci a kansa yake, cunkoso kamar gadar Third Mainland da safe. A ciro rautar daga bayan talabijin a ɗora ta sama a tsakiyar gida, a gwada tasha ta 1, ta 6 ko ta 11.

In kuwa suna gefen juna amma bambancin yana nan, a dubi mai jan ƙafar. Wasu tsofaffin kwamfutoci 2.4 kaɗai suke kamawa. Ɗan makamin waifai na USB yana magance wannan. Wata kuma Windows ce ke sabunta kanta a ɓoye, ko Google Drive na kwashe hotuna. Task Manager zai tona asiri.

Masu jona kebul kuma ku lura: silin waya takwas ne a cikinsa. Gudun megabit 100 huɗu yake buƙata, na 1000 sai duka takwas. Ɗaya ya tsinke, kwamfuta tana iya komawa 100 ba tare da ta ce uffan ba. Sayen Cat5e ko Cat6 a Computer Village ta Ikeja ya fi sauƙi a kan sayen sabuwar rauta.

Ban ce kamfanoni waliyyai ba ne. In duk na'urorin gida sun yi sanyi lokaci guda, har wadda ke kan kebul, a kira su a yi musu tatas. Amma kafin nan, kada a ɗora wa yaro laifin bango, kada kuma a zubar da kuɗin cefane wajen canja layi.

Allah ya sa mu dace. Sai na ji daga gare ku.