Kafin mu jefi tsuntsu, mu tambayi me yake ci



Shamuwa ta iso. Duk wanda ya ɗaga kai kwanakin nan ya gan ta bisa tsamiya ko bedi, tana jidar ƙirare da baki tana gyara sheƙa. Tsofaffinmu ba su jiran sanarwar rediyo. Da sun ga shamuwa sai su ce a fiddo iri, a duba sungumi, damana ta ƙarato.

To amma bana mun ga abin da ya ɓata mana rai. A wani gari nan kusa da mu, an sare reshen da shamuwa ta yi shekaru tana sheƙa a kai, wai kashinta yana ɓata wurin hira. Yara kuma sun hau wani iccen sun kwashe ƙwai, manya na zaune suna kallo, ba wanda ya ce kanzil. Mu da muna yara, wanda ya taɓa ƙwan shamuwa ba sai an kai ƙara gidansu ba, dattijon da ya gan shi ya ishe shi.

Mun san abin da wasu za su ce: tsuntsu ai maƙiyin manomi ne. Gaskiya ne akwai wanda ya ci wannan suna, shi ne jan baki. Ɗan mitsitsi ne, nauyinsa kimanin giram 20 ne, amma masana sun ƙiyasta yawansa a Afirka ya kai kimanin miliyan 1,500, babu tsuntsun daji a duniya da ya kai shi yawa. Asalin abincinsa ƙwayar ciyawar daji ce, sai dai in ya tarar da hatsi ko dawa sun yi madara, ba ya wucewa. Yana haihuwa ne da damana, cikin kurmin ƙaya, sheƙa dubbai a wuri guda. Mace ta yi ƙwai uku, kwana goma zuwa sha biyu sun ƙyanƙyashe, kafin mako shida taron ya tashi ya ƙara gaba. Duk wanda ya taɓa yini a gona cikin watan Satumba da gwangwani da majajjawa har muryarsa ta dushe, ba sai an gaya masa zafin jan baki ba.

Amma jama'a, laifin tsuntsu ɗaya ne muke ɗora wa duk mai fiffike.

Shamuwa ba ta cin hatsi, ko ƙwaya ɗaya. Abincinta fara ce da tsutsa da sauran ƙwari. Rani take yi can gabashi da kudancin Afirka, ta yi tafiyar dubban kilomita ta zo nan ƙasarmu ta haihu. Ƙwai biyu ko uku take yi, kuma ƴaƴanta suna buɗe baki daidai lokacin da ƙananan fara ke fitowa su afka wa shuka. Kowace fara da ta kai sheƙa, daga gonar wani ta ɗauko ta. Ma'aikaciya ce da ba ta karɓar ko dala, abin da take nema kawai reshe.

Haka balbela, tana bin sawun shanu tana tsintar ƙwarin da suka tayar. Zabon daji da fakara suna cin gara da tsutsa, kuma a ƙasa suke ƙwai, ƙarƙashin kalgo ko sabara, shi ya sa in an share daji ƙaf ko an bi ana kwashe ƙwan, sai a wayi gari babu su. Shirwa, duk da tana ɗaukar mana ƴan tsaki, fara da ɓera ma tana ci. Ita kuwa mujiya, da muke jifa muna cewa mugun tsuntsu ce, ita ke gadin rumbu da dare, tana kama ɓerayen da ke cinye abin da muka wahala a kansa.

Ba mu ce tsuntsaye za su tare farar dango ba. Mun ga 2004, mun ga yunwar da ta biyo baya a 2005, kuma jihar Tawa na cikin wuraren da suka fi jin jiki. Irin wannan sai hukuma da jiragen feshi. Amma farar da ke cin shuka kowace shekara, wadda ke sa mutum ya yi shuka sau biyu sau uku, wannan kam tsuntsaye na rage ta, in mun bar su da rai.

Sai batun ungulu. Ku tambayi kanku, yaushe rabon da ku ga ungulu sun cika mahauta ran kasuwa kamar da? Ana kashe ta ana sayar da kanta ga masu magani, ana kuma sa wa mushe guba don karnuka ko dila, ita ta zo ta ci ta mutu. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, don haka in an kashe goma, mayar da su sai an daɗe. Tun 2015 ƙungiyar duniya mai kula da halittu ta saka ungulun nan tamu ta gida cikin masu dab da ƙarewa. A 2020, a ƙasar Gine Bisau, an kashe fiye da 2,000 da guba. A Indiya, da ungulu ta kusa ƙarewa, mushe ya rasa mai kwashewa, karnukan sake suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Ungulu ba ta da kyan gani, amma ita ce mai shara ta garinmu.

Wani kuskuren shi ne sare icce a gona don kada tsuntsu ya sauka. Jan baki yana tashi daga makwancinsa ya yi tafiyar kilomitoci da yawa ya ci ya koma. Ka sare gawonka, ba ka hana shi zuwa ba, sai dai ka kori masu cin ƙwari, ka rasa taki, ka buɗe wa iska hanya. Mutanen Buza sun san abin da layukan bedi da aka fara dasawa a kwarin Majiya tun 1975 suka yi wa gonakinsu. Mutanen Keita sun san yadda fako ya koma daji bayan aikin da aka soma a 1984, aka dasa miliyoyin itatuwa. Bai kamata abin da iyayenmu mata suka ɗauki duwatsu a ka suka gina ba, mu mu rushe shi da gatari.

To me muke roƙo? Abu uku ne, kuma ba ɗaya da ke cin kuɗi.

Na farko, iyaye da malaman lakwal da na makarantar allo, mu koya wa yara bambanta tsuntsaye. Yaron da ya san me shamuwa ke ci ba zai ɗana mata danƙo ba.

Na biyu, wanda ya ga inda jan baki ke kwana ko sheƙa, ya gaya wa maigari da ma'aikatan noma tun da wuri, kafin ƴaƴan su tashi. Kada mu sayo guba a kasuwa mu zuba a bakin tabki. Guba ba ta tambayar sunan tsuntsu, kuma akuya da yaro duk a wurin suke sha.

Na uku, masu gari da limamai su yi magana a kan ƙwan shamuwa da kan ungulu. Dokar farauta da kare namun daji tana nan tun 1998, ƴan gandun daji ma suna nan, amma ba za su iya tsare kowace tsamiya ba. Mu ne ke kwana ƙarƙashinta.

Ku da ke Urno da kewaye, ku gaya mana: sheƙar shamuwa nawa ce a garinku bana, kuma nawa ce lokacin da kuke yara? Ku tambayi tsofaffi, ku rubuto mana.

Allah Ya ba mu damana mai albarka, Ya tsare mana amfanin gona. Amin.