Kun San Sunan Kansilan Mazaɓarku?

'Yan uwana ɗalibai, mu gwada wani abu. A zauren hostel, ku tambayi mutum goma sunan ministan kuɗi ko shugaban majalisar dattawa, za ku sha amsa har da sharhi. To sai ku tambaye su sunan kansilan mazaɓarsu, ko ɗan majalisar jihar da ke wakiltarsu. Shiru za ku ji. Mun haddace siyasar Abuja kamar karatun jarrabawa, amma gwamnatin da ke ƙofar gidanmu ba mu san yadda take aiki ba. A ganina wannan rashin sanin na daga cikin abin da ya sa kwatar unguwa ke shekara biyar a toshe ba wanda ya ji kunya.

Mu fara da rabon aiki. Nijeriya na da ƙananan hukumomi 774, Kano kaɗai na da 44 da mazaɓu 484. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukansu: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, kwashe shara, magudanan ruwa, sanya wa tituna suna da gidaje lamba, sannan su sa hannu a harkar firamare da kiwon lafiya. Ke nan in rufin ajin ƙaninka ya yaye, ofishin ilimi na ƙaramar hukuma da hukumar SUBEB ta jiha ne ƙofar da za ka fara ƙwanƙwasawa. Zagin shugaban ƙasa a Facebook ba zai kafa kwano ko ɗaya ba.

Sai batun kuɗi, wanda nan ne gizo ke saƙar. Daga asusun tarayya, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Shekara da shekaru kason ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, kamar yadda sashe na 162 ya tanada, kuma kowa ya san yadda gwamnoni suka riƙe wuyan jakar. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa tura kuɗin kai tsaye ga ƙananan hukumomi, ta kuma ce naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa sashe na 7. An yi ta murna. Amma ni tambayata ita ce: in kuɗin ya iso, wa zai sa ido? In mu da muka yi karatun akanta da ƙididdigar gini ba mu iya duba kasafin ƙaramar hukumarmu ba, sai dai a ce ɓera ya sauya rami.

Na san abin da wasu za su ce: "Malam, ɓata lokaci ne. Zaɓen ƙananan hukumomi ai hukumar zaɓen jiha ke yi, jam'iyyar gwamna ke lashe kujerun, kansila kuwa ko kuɗin mai ba shi da shi." Akwai gaskiya a ciki. Sai dai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ana yi mana haka ne domin an san ba ma fita zaɓen, ba ma zuwa sakatariya sai neman takardar shaidar zama ɗan gari. Shugaban da ya san akwai matasa ashirin da ke riƙe da lissafin abin da ya shigo masa a wata, ba zai yi barci irin na wanda ba a taɓa tambaya ba.

Kuma koyon ba shi da tsada. Abin da kwamitin rabon kuɗi na FAAC ya bai wa kowace ƙaramar hukuma ana wallafa shi duk wata, da waya za ka gani. Kasafin kuɗin jihohi da yawa yana intanet. Nemi sunan garinku a ciki, ka ga ko rijiyar burtsatsen da aka rubuta tana ƙasa ko a takarda ta tsaya. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta bai wa ma'aikata kwana bakwai ta amsa buƙatarka a rubuce. Majalisar jiha na zaman jin ra'ayin jama'a kan kasafi da ƙudurori. A unguwa akwai kwamitin kula da makaranta da kwamitin raya mazaɓa mai sa ido kan asibitin sha-ka-tafi, yawanci dattawa ne kaɗai a ciki, suna neman mai iya rubuta wasiƙa.

Ni dai abin da na lura, takardar koke mai kwanan wata da sa hannun mutanen unguwa, wadda aka bi ta hannun mai unguwa aka kai sakatariya aka karɓo kwafi mai hatimi, ta fi surutun shekara guda a majalisar mai shayi. Da ɗan gari akan ci gari.

Shawarata ga ƙungiyarmu ta ɗalibai: ta riƙa gayyatar kansila da ɗan majalisar yankin makaranta sau ɗaya a zango, a yi tambaya da amsa cikin mutunci. Ga ku kuma 'yan uwa, in an tafi hutu, kowa ya dawo da amsa uku: sunan kansilansa, abin da ƙaramar hukumarsa ta samu a watan jiya, da aiki ɗaya da aka yi da shi. Tun 2018 doka ta sauko da shekarun takarar majalisar jiha zuwa 25. Ni saura shekara uku in kai, da yawanku ma haka. Kujerar da za mu nema gobe, gara mu san aikinta tun yau. Allah ya sa mu dace.