A Raba Hoton Gaskiya Da Na Kwaskwarima

Edita,

Ka ba ni fili in yi tsokaci kan wata gasar hotuna da na kalla. Hoton da ya zo na ɗaya na tsohon zauren ƙauyenmu ne. Na san zauren kamar yunwar cikina: zankonsa ɗaya ya zube, damina ta zaizaye gindin bangon. Amma da Photoshop an mayar da zankon, an shafe zaizayar, har wayar lantarki ta ɓace.

Gyara haske ba laifi, amma ƙari da ragi ha'inci ne. A 2015 gasar World Press Photo ta kori hotuna da dama saboda haka. Ina roƙon alƙalai su riƙa neman ainihin hoton kafin yanke hukunci, a kuma ware wa masu kwaskwarima rukuninsu daban.

Naka,
Mai karatu daga Katsina