Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

'Yan'uwana talakawa, da ku 'yan kasuwa masu karanta wannan jarida kowane mako, yau ƙara na kawo gabanku, kuma a cikin waɗanda na ke ƙara har da ku.

Ran Talatar da ta wuce wani saurayi ya shigo ofishinmu, ɗan shekara ashirin da 'yan kai, da jaka a rataye, a cikinta da kwamfuta wadda aka ɗaure murfinta da salatif. Ya gaishe ni, ya ce, "Malam, ko za ka taimaka ka rubuta mini takarda zuwa ga wani babban mutum?" Na ce, "Takardar mece ce, samari?" Ya ce ta neman haƙƙinsa. Ashe tun zaɓen 2023 ya zana wa mutumin nan fastoci, da kalanda, da tambarin da aka buga a huluna da riguna. An biya mai maɗaba'a, an biya mai gam, an biya yaran da suka bi dare suna mannawa a bango, har maroƙi ya sami babbar riga. Shi kuwa wanda ya yi kwana da kwanaki gaban kwamfuta, yana sayen fetur da kuɗinsa, sai aka ce ya yi haƙuri, in an ci zaɓe ba za a manta da shi ba. Ba zan faɗi sunan mutumin ba, ba zan kuma faɗi jam'iyyarsa ba, domin wannan hali bai ƙyale jam'iyya ko ɗaya ba, ban cire tamu ba.

To, wane aiki ne wannan da a ke so a ci banza? Shi ne zane na kwamfuta, wanda yaran zamani su ke kira girafik dizain. Duk abin da ka gani an buga, wani ne ya zauna ya tsara shi: allon da ke saman rumfarka, da takardar da ke manne a jikin robar zoɓo, da rubutun buhun shinkafa, da katin biki, da bangon littafi, da fastar fim, da tallan da ke shigowa wayarka. Shi ya zaɓi launi, ya zaɓi girman harufa, ya san abin da ido zai fara faɗa wa da abin da zai biyo baya. Ba baƙuwar sana'a ba ce a wurinmu. Duk wanda ya san ɗinkin babbar riga a Zariya ko Kano ya san akwai mai zana aska takwas a jikin ƙyalle kafin mai allura ya ɗauka, kuma ladan mai zane dabam, na mai ɗinki dabam. Kakanninmu ba su taɓa ce wa mai zanen riga ya yi don neman suna ba. Yaya mu da muka zo daga baya za mu ƙirƙiro wannan bidi'a?

Kada kuma wani ya ce ƙasar nan ba ta san darajar zane ba. Tun 1955 aka kawo sashen koyar da zane daga Ibadan zuwa kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma har yau a na koyar da shi a can. Tutar Nijeriya da aka ɗaga ran 1 ga Oktoba 1960, wani ɗalibi ne ya zana ta, Taiwo Akinkunmi, yana karatu a London. Aka zaɓi tasa a 1959, aka cire jar rana da ya sa a tsakiya, aka bar kore da fari, aka ba shi fam 100. Sai a 2014 aka ba shi lambar girma ta ƙasa, watau bayan shekara 55, ya rasu a 2023. A Amurka kuma, alamar nan ta Nike da ke jikin takalman da ku ke sayarwa, wata ɗaliba ce, Carolyn Davidson, ta zana ta a 1971, aka biya ta dala 35. Da kamfanin ya bunƙasa, sai suka kira ta a 1983 suka ba ta zoben zinariya da hannun jari. Ku lura, jama'a: su biyun nan, ko da kaɗan ne, an biya su tun farko. Yaronmu kuwa ko kwabo bai gani ba.

Yanzu bari in juyo kanku, 'yan kasuwa, ku yi mini haƙuri. Kai Alhaji mai shago a Kantin Kwari, in wani ya zo ya ce ka ba shi turmin atamfa kyauta, zai ɗinka ya sa, duk wanda ya gani zai ce daga wurinka ya fito, me za ka ce masa? Ke Hajiya mai yin yaji da man shafawa, za ki ba da kwali guda don a tallata ki? To, don me in ɗan maƙwabcinku ya zana muku tambari ku ke cewa, "Ai taɓa kwamfuta kawai ya yi"? Kwamfutar nan saye ya yi, kuma kowa ya san yadda kayan waje suka yi tsada tun da darajar naira ta faɗi a 2023. Data saye ya ke yi. Wuta in ta ɗauke, janareta ba ya shan ruwan rijiya. Wasu manhajojin ma haya a ke biya: kamfanin Adobe mai Photoshop ya daina sayar da sababbin nasa saye ɗaya tun 2013, sai biyan kuɗi wata wata ko shekara shekara, farashin kuwa na ƙasashen waje. Banda wannan duka ga shekarun da ya ɓatar yana koyo. In ya gama maka aiki cikin awa biyu, shekarun nan ne suka sa ya iya.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce tun da aka fito da Canva a 2013 kowa na iya haɗa fasta a wayarsa, kuma tun 2022 ga na'urori masu ƙirƙirar hoto, ka rubuta abin da ka ke so su fito maka da shi nan take. Gaskiya ne, ban musa ba. Wanda ke son sanarwar suna ko ta walima, ya yi abinsa a waya, ba wanda ya hana shi. Amma keken ɗinki ma kowa na iya saye, bai sa kowa ya zama tela ba. Ga abin da mai waya bai sani ba. Fuskar waya da haske ta ke haɗa launi, ja da kore da shuɗi, injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu ya ke aiki, shuɗi da ja-ja da rawaya da baƙi. Shi ya sa koren da ya burge ka a waya ya kan fito a takarda kamar miyar kuka. Hoton da za a buga a takarda yana bukatar kamar ɗigo 300 a kowane inci, wanda aka turo ta WhatsApp kuwa an matse shi, in aka buɗa shi a babban allo sai fuska ta dagargaje. A kan bar rarar milimita 3 a gefen takarda saboda wuƙar yanka, in ba haka ba ta gutsure lambar wayarka. Abin ci da abin sha kuma, wanda hukumar NAFDAC ta yi wa rajista, dole lambarsa da ranar yi da ranar lalacewa su fito sarai. In aka buga maka sitika dubu goma da kuskure, wa zai ɗauki hasarar? Araha ba ta ado.

Akwai kuma abin da ya fi ci mini rai, watau harshenmu. Tun wajen 1930 da 'yan kai aka tsayar da harufa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, Malam Abubakar Imam na edita, da dalma aka riƙa jera harufanta ɗaya bayan ɗaya. Yau da kwamfuta ta sauƙaƙa komai, sai ga shi a na zubar da lanƙwasa. Na ga ƙyallen taro da idona an rubuta "Barka da zuwa manyan baki." Manyan baki! Aka tara dattawa aka zaunar da su ƙarƙashin zagi. Haka faɗa ya kan koma fada, ɓari ya koma bari. Dalili shi ne yawancin salon harufan da aka ƙera a Turai da Amurka ba su da namu, mai zanen da ya san aikinsa shi ke neman wanda ke da su, irin Noto na kamfanin Google, wanda kyauta a ke samunsa. Wannan ilmi ne da ɗanmu ya fi baƙo, amma muddin ba a biya, wa zai tsaya ya kula?

Ku kuma iyaye, ku daina ce wa yaro ya bar wasa da kwamfuta ya je ya nemi aikin gwamnati. Ina aikin ya ke? Ni akawu ne, na san yawan takardun neman aiki da ke jibge a ofisoshi, ɓeraye na ci. Abin da ya kamata ku tambaye shi: wa ke koya maka, me ka zana a wannan mako, wa ya biya ka? In ya amsa ukun nan, ku sa masa albarka. In ya kasa, to, lalle wasan ya ke yi.

Saura ku samari da 'yan mata masu son shiga sana'ar nan, ku ma da naku laifin. Wani ya yi sati biyu yana kallon bidiyo, sai ya buga kati ya kira kansa ƙwararre, ya karya farashi har ya kashe kasuwar 'yan'uwansa. Wani kuma ya kwafo tambarin wani daga intanet ya sayar. Wannan sata ce, ko da kuwa da kwamfuta aka yi ta. Ga shawarata, kyauta na ba ku, ita kaɗai ce kyauta a wannan shafi.

Na farko, ka nemi maɗaba'a ka zauna ƙarƙashin mai ita, ko da shara za ka fara. CorelDRAW da ya fito tun 1989 shi ne yawancin maɗaba'unmu su ke aiki da shi, ka iya shi sosai kafin ka yi tsalle zuwa wani. Ka ga yadda a ke haɗa faranti, da yadda a ke yanka, da yadda aiki ke lalacewa. Wanda bai taɓa shaƙar warin tawada ba bai gama koyo ba.

Na biyu, ka tara aikinka mafi kyau, ko guda goma ne, ka sa wuri ɗaya, domin mai saye aiki ya ke so ya gani, ba ya tambayar satifiket. Ka fara da kasuwar da ke kusa da kai, mai burodi da mai ruwan leda da makarantar unguwa, kafin ka hangi Fiverr da Upwork inda za ka yi takara da duniya duka, da Turanci kuma.

Na uku, kada ka kunna kwamfuta sai an ba ka kafin alƙalami, rabin kuɗi ya shiga hannu. Ku rubuta a takarda, ko a saƙon waya: aiki kaza, kuɗi kaza, rana kaza, gyara sau biyu, abin da ya wuce haka da kuɗinsa. In za ka nuna samfuri, ka gicciya sunanka a kai, ka riƙe ainihin aikin sai an cika maka. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta lissafa zane cikin ayyukan da ta ke karewa, saboda haka ku rubuta tun farko wa zai mallaki aikin bayan an biya. In harka ta kankama, ka yi wa sunan sana'arka rajista, ka buga rasit.

Na huɗu, ku haɗa kai. Mahauta na da sarkin fawa, 'yan tireda na da ƙungiya, direbobi na da tasu. Ku kaɗai ne kowa ke kukansa a ɗaki. Ku zauna ku tsayar da farashin da ba mai sauka ƙasa da shi, kuma duk wanda ya cinye haƙƙin ɗayanku, sauran su ƙi yi masa aiki har ya biya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Takardar yaron nan na rubuta masa, ya kai, har yanzu shiru. Zaɓe kuwa zai sake zagayowa, masu neman kujera za su sake bukatar fuskarsu a bango, da alkawarin samar wa matasa aiki a rubuce ƙarƙashinta. In sun zo kasuwa neman ƙuri'arku, ku nuna fastar ku tambaye su: an biya wanda ya zana wannan? Kai kuma ɗan'uwa mai rumfa, kafin ka yi tambayar, ɗaga kai ka dubi allonka, ka fara ba kanka amsa.

Sai wani makon, in da rai da lafiya.