Allurar Garmaho Da Haƙƙin Faifai

Duk wanda ya saba ratsawa ta Bata a Kano, inda Fagge ta yi iyaka da Sabon Gari, ya kuma taɓa tsayawa a gaban teburan masu gyaran rediyo da kayan sauti, la'alla ya taɓa ganin dattijo ya kawo garmahonsa tsinin allura ya fita, yana neman a liƙa masa shi da gam irin na kanti. Wannan liƙi kuwa, duk da arharsa, shi nake roƙon ma'abota sana'ar su ƙi yi.

Hujjata tana cikin yadda aka ƙera abin tun asali. Garmahon dā, wanda ake wanawa da hannu, allurarsa ƙarfe ce da ake ɗaurewa da sukuru, a yar da ita bayan fuska ɗaya ko biyu ta faifai. Amma tun da kamfanin Columbia na Amurka ya fito da faifai mai dogon zango a 1948, layin sauti ya sirance, sai aka karkata ga yakutu da lu'ulu'u. Maƙera sukan ɗauki siririn bututun alminiyam, su matse bakinsa ya yi fale-fale, su huda shi, su cusa ƙwayar dutsen da ba ta kai ta gero ba har ta tsaya daram, sa'an nan su ɗiga mata gam na musamman gwargwadon abin da ido ba ya riska sai da madubin ƙara girma. A masu araha kuwa, tsinin kaɗai ne lu'ulu'u, an liƙe shi a kan ɗan ƙarfe. Gindin bututun yana zaune cikin roba, galibi ɗauke da maganaɗisu, wanda girgizarsa ke zama lantarki, lantarkin ya zama murya.

To, abin da nauyinsa a kan faifai yake kusan giram 2, idan yatsa ya dasa ƙwayarsa a karkace, ɗigon gam ya ƙara masa nauyi, ai kankare bangon layin zai riƙa yi a kowane juyi, alhali mai faifan yana zaton an yi masa gyara. Muryar da aka kankare ba ta dawowa, masu ita kuma sun riga mu gidan gaskiya: Ɗanƙwairo a 1991, Shata a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, Allah ya jiƙansu.

Saboda haka wajibin mai gyara shi ne ya sauya allurar ɗungurungum da mariƙinta, ya kuma tambayi irin faifan, domin tsohon faifai mai juyi 78 a minti ɗaya yana bukatar tsini mafi kauri. In babu ita a kasuwa, ya gaya wa dattijon gaskiya, ya mayar da faifansa cikin kwali har a samo.