Jawabi A Kan Ƙwaƙwalwar A-Kori-Kura

Na san wani zai ce me ya haɗa malamin allo da cikin mota, alhali bai taɓa riƙa sifana ba. To, ba ni na je wa maganar ba, ita ta iske ni har zaure, ranar da mutum biyu sunka zo neman sulhu, ɗaya mai mota, ɗaya mai sayad da kayan gyara, kowanensu yana rantsuwa shi anka cuta.

Mai motar maƙwabcina ne a Boɗinga. Yana da tsohuwar a-kori-kura, Toyota Hilux mai shan fetur, da ita yake ɗaukar gero da albasa da tumaki tsakanin Boɗinga da Shagari da Yabo, wani lokaci har Sakkwato, da ita kuma yake ci da iyalinsa. Da damina ta yi nisa sai motar ta ɗauki wani hali. Da safe ta tashi lafiya, in ta yi zafi a hanya sai ta mutu kamar an hure fitila, sai an jira ta huce sa'an nan ta sake tashi. Rannan ta mutu masa gab da shiga Shagari, ya kwana bakin hanya da kayan mutane. Makanikin da ya duba ta ya buɗe gaba, ya saurara, ya ce ƙwaƙwalwa ce ta mutu, watau akwatin nan da suke kira biren-bos. Bai auna kome ba. Mai mota ya sayad da bijiminsa na huɗa, ya tafi birni ya sayo wata ta hannu, irin da ake kira Beljiyam. Aka jona, mota ta ƙi tashi sam. Ya koma ya yi ciko anka musanya masa da wata, ita kuwa ta tashi, amma kwana uku ba su cika ba ciwon ya komo yadda yake.

Ya kamata mai karatu ya san aikin wanga akwati, don a nan ne kuskuren yake. Motocin da munka tashi munka gani, irin Peugeot 404 da 504 da muke kira Fijo, waɗanda anka soma haɗawa a Kaduna tun 1975, ba su da shi. Kafireto ke gauraya mai da iska, makaniki kuwa da kunne da sukudireba yake daidaita shi. Na bayansu an ɗora aikin ga ƙaramar kwamfuta. Ita ba ta ganin inji. Akwai waɗansu ƙananan ma'aunai da ke aiko mata labari ta waya: wannan ya faɗa mata juyin inji, wancan yawan iskar da ke shiga, wani zafin ruwa, wani abin da ke fita ta salansa. Da wanga labari take yanke yawan man da za a fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Misalinta alƙali ne wanda ba ya fita ɗakin shari'a, sai abin da shaidu sunka faɗa masa. In shaida ya yi ƙarya, ko an tare shi a hanya bai iso ba, hukunci zai karkace, alƙali kuwa lafiyarsa lau. Wanda ya tuɓe alƙalin ya naɗa wani, ya bar masa shaidun nan, bai gyara kome ba.

Haka ta kasance ga maƙwabcina. Wani saurayi ɗan rewaya, wanda ya iya karatu, ya zo da na'urar bincike. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a ƙasarta wata kafa mai ramu 16 a ƙarƙashin sitiyari, ƙasashen Turai sunka bi a 2001 ga masu shan fetur, har abin ya game yawancin motoci. Nan ya jona na'urar, ta nuna masa labarin juyin inji ne ke yankewa. Ya bi wayar da hannu har ya iske inda ɓera ya gaigaye ta, ruwa ya shiga, ta yi tsatsa, in inji ya yi zafi sai ta saki. Ya gyara ta, ya goge bakin baƙar wayar da ke haɗa batir da jikin mota, ya mai da tsohuwar ƙwaƙwalwar da anka ce ta mutu. Har yau ita ke cikin motar.

Ban ce ƙwaƙwalwa ba ta mutuwa ba. Tana mutuwa, amma sau da yawa kashe ta ake yi. Wanda ya jona batir a juye wajen ba da wuta, da wanda ya yi walda a jikin mota bai kwance batir ba, da wanda ya kutsa da ita cikin ruwa mai zurfi, da mai cire kan batir inji na aiki wai don ya gwada caji, duk sun ɗauko hanyar ƙone ta. Tsufa ma na yi, don akwai waɗansu ƙananan gwangwanaye a cikinta da kan tsiyaye in sun daɗe, mai gyaran rediyo gwani kuwa yakan iya sake su da kuɗi kaɗan. Abin da nike faɗi shi ne, ita ce ta ƙarshe da za a tuhuma. A fara da fis, da batir, da wayoyi, da ma'aunai. In an murɗa makulli 'yar fitilar nan mai surar inji ba ta kama ba, na'ura kuma ta kasa magana da akwatin alhali wuta na isa gare shi, to, sa'an nan a yi zancen saye.

In kuwa saye ya wajaba, to, a kwafi lambar da ke jikin tsohon akwati, ko a tafi da shi ɗungum. Na Toyota da yawa lambarsu na farawa da 89661, amma abin da ke bayan wannan shi ke rarrabe mai giyar hannu da mai sake giya da kanta, da wadda anka ƙera don Turai da ta ƙasashen Larabawa. Kama da wane ba ta wane. Har wa yau waɗansu motoci akwai ɗan ƙwayar sirri a cikin makullinsu, in akwatin bai san makullin ba ba zai bar inji ya tashi ba, sai an sami mai na'ura ya gabatad da su ga juna. Wannan ne ya hana ta farko tashi, ba don matacciya ce ba. Masu cewa a tumɓuke abin duka a mai da mota kafireto kuwa, su tuna tun 29 ga Mayu 2023 da anka janye tallafin mai, kowane cokalin fetur kuɗi ne, kafireton da anka liƙa wa injin da ba don shi anka ƙera ba kuwa ba ya tausayin tanki.

Saura rigimar da anka kawo mini. Mai mota yana so a karɓi akwatin a mai da masa kuɗinsa. Mai kaya ya ce shi lafiyayye ya bayar, kuma abin wuta in an riga an jona, ina zai san ko motar mai saye ta taɓa shi? Na duba na ga yana da hujja, domin ba aibi anka samu ga kayan ba, ba a kuwa yi sharaɗin mayarwa ba lokacin ciniki. Nan ne na ga laifinmu duka. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da buɗe ƙofar ciniki da zaɓi, har Muhtasar na Halilu ya sanya wa dabba kamar kwana uku, don mai saye ya gwada ta kafin ciniki ya tabbata. Kakanninmu ba su sayen jaki sai sun ga tafiyarsa, mu kuwa muna ba da kuɗin bijimi a kan akwati rufaffe, wanda anka kwance daga motar da ba mu san abin da ya kashe ta ba, ya bi ta Ladipo a Ikko ko Ƙofar Ruwa a Kano kafin ya iso mu. Ina roƙon shugabannin masu kayan gyara da na direbobi a tashoshinmu su zauna su mai da wanga sharaɗi al'ada: a rubuta lambar akwati a takarda, a yi masa alama, a jona shi gaban shaida, a ba mai saye kwana uku. Makanikin da ya ce a saya kuma ya faɗi abin da ya auna kafin ya faɗa.

Sulhun da munka yi, mai kaya ya karɓi akwatinsa ya mai da kashi biyu cikin uku na kuɗin, sunka yi musafaha. Abin da ya komo bai isa sayen wani bijimi ba, don haka damina mai zuwa maƙwabcina hayar shanun huɗa zai yi.