Lula na Birazil: a auna shi da tiya

Ƴan uwa ƴan kasuwa, iyayenmu mata masu kasa kaya daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, yau hirarmu za ta ƙetare teku zuwa ƙasar Birazil, inda aka tsaida ranar 4 ga Oktoba 2026 domin zaɓen shugaban ƙasa. Shugaba Lula da Silva, wanda ya cika shekara 80 a Oktoban 2025, ya ce zai sake tsayawa. Masu sukarsa suna cewa ya tsufa, ya ɓata talakawa da kyauta, kuma hannunsa ba shi da tsabta. Mu dai a ganinmu, ɗan siyasa kamar hatsi yake: da tiya ake auna shi, ba da kirarin dillali ba. To mu ɗauko tiya.

Mutumin nan ba a gidan sarauta aka haife shi ba. Yana yaro ya yi talla a titi, ya yi gogen takalma, daga baya inji ya cire masa ɗan yatsa a masana'anta. Sau uku yana faɗuwa zaɓe, a 1989 da 1994 da 1998, kafin ya ci a 2002. Ya yi mulki daga 2003 zuwa 2010, ya sake dawowa a 2023.

Babban aikinsa shi ne shirin tallafin iyali da ake kira Bolsa Familia, wanda ya kafa a 2003. Kowane wata gwamnati tana zuba kuɗi a katin iyali matalauta, kuma a mafi yawan gidaje uwa ce ke riƙe da katin. Sharaɗin shi ne yara su je makaranta, a kuma yi musu rigakafi. Da ya dawo a 2023, an tsaida mafi ƙarancin tallafin a kan riyal 600 na kuɗinsu, wajen jika 60 ke nan na kuɗinmu, ana kuma ƙara 150 a kan kowane ƙaramin yaro. Iyalai wajen miliyon 20 ne suka amfana. Masu cewa wannan kyauta ce mai kashe zuciya, mu tambaye su: ina uwar gida take kai kuɗin? Ba bankin Turai take kai su ba. Wurin mai wake da mai shinkafa da mai sabulu na unguwarsu take kai su. Kowace mai kasa kaya ta sani, ranar da aljihun talaka ya bushe, ita ma ranar take komawa gida da kayanta a ka.

Na biyu, a 2008 ya sa hannu a dokar da ta ba ƙaramin mai sana'a damar yin rajista cikin sauƙi. Mai talla, tela, mai kitso, duk suna biyan wani ɗan kuɗi tsayayye kowane wata, su kuma samu haƙƙin fansho, da tallafin jinya, da na haihuwa. Miliyoyin mutane sun shiga. Mu da muke biyan patanti da kuɗin rumfa, mun san bambancin harajin da ake ganin amfaninsa da wanda sai dai a ba ka takarda.

Na uku ya taɓa mu kai tsaye. A 2003 gwamnatinsa ta fara sayen abinci daga hannun ƙananan manoma, a 2009 kuma doka ta wajabta a kashe aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin abincin ƴan makaranta wurin irin waɗannan manoma. Wannan dabarar ce aka gwada daga 2012 a ƙasashen Afirka biyar tare da hukumomin FAO da PAM, ciki har da Nijar, a jahar Maraɗi. Sakamakon a can Birazil ba ɓoyayye ba ne. A 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire ƙasar daga taswirar masu fama da yunwa. Bayan ƴan shekaru ta sake faɗawa, sannan a Yulin 2025 aka sake cire ta. Kuma kada a ce da bashi kawai ya yi aiki: a ƙarshen 2005 Birazil ta biya asusun FMI bashin dala miliyar 15 da ɗoriya tun wa'adi bai cika ba.

Ba mu ce ba shi da tabo ba. An kama manyan jam'iyyarsa da laifin sayen ƴan majalisa a badaƙalar da ta fashe a 2005. Shi kansa ya yi kwana 580 a tsare daga 2018 zuwa 2019. A 2021 kotun ƙoli ta soke hukuncin, saboda kotun da ta yi shari'ar ba huruminta ba ne, kuma alƙalin ya nuna son kai. Wannan ba wankewa ce sarai ba, amma wanda aka yi wa shari'a da karkataccen sikeli ba a kiransa ɓarawo da wannan hukuncin. Kuma bai gudu ba, ya miƙa kansa aka tsare shi.

To zai ci? Muna ganin yana da dama babba, amma ba tuwo ne a baki ba. Tun da aka ba shugabanni damar tazarce a 1997, mutum ɗaya ne kawai ya nema ya faɗi, wato Jair Bolsonaro a 2022. Shi kuwa a Satumban 2025 kotu ta yanke masa shekara 27 saboda yunƙurin juyin mulki, magoya bayansa kuma suna nan da yawa. Kada a manta, a 2022 Lula da ƙyar ya sha: kashi 50.9 ya samu, abokin karawarsa 49.1. Yankin arewa maso gabas na talakawa, inda ya samu kusan kashi 70, shi ya cece shi. Ya ƙara wa kansa ƙarfi da dokar da ta yafe harajin albashi ga mai samun riyal 5,000 zuwa ƙasa a wata, daga Janairun 2026.

Babban abokin adawarsa yana cikin kasuwa. A farkon 2025, da farashin ƙwai da kofi suka tashi, farin jininsa ya zube ƙasa warwas, duk da ana samun aikin yi. Kuɗin ruwa na babban banki ya kai kashi 15 a wannan shekarar, abin da ke shaƙe ɗan kasuwa mai neman rance. Uwar gida ba ta dafa tarihi. Idan kwandonta ya cika da kuɗin da ke hannunta, Lula zai wuce. Idan bai cika ba, tsohon alheri ba zai hana ta juya masa baya ba, kuma tana da gaskiya.

Shi ya sa muka ce a bar gardamar tsufa da ta fuska. A tambayi kowane mai neman shugabanci, a ko'ina yake, yara nawa ya hana kwana da yunwa, kuma mai talla nawa ya sa ta tsufa da mutunci. Allah Ya sa wa kasuwa albarka, Ya ba talaka shugaba mai tausayi.